Rundunar Cikin Kabad

Su arba'in da bakwai ne, in an ƙirga da mai bigila
wanda kansa ya ɓata tun kafin ya zo hannuna.
Suna tsaye a kabad ɗin da Zinatu ta so ta jera tangaran.
Ta haƙura, ta ce, "Tsofai-tsofai da wasan yara,
Allah ya shirya." Na ce amin.

Na farkonsu a Kejetiya na tsince shi,
cikin kwandon tsofaffin makullai da ƙusoshi,
bindigarsa ta lanƙwashe kamar ludayin koko.
Opoku mai kayan ya ce sidi biyu.
Na taya ɗaya. Ya ce, "Baba, dalma ce fa, ɗaga ka ji."
Na ɗaga. Nauyinsa ya fi girmansa,
kamar maganar da aka daɗe ana haɗiyewa.

Sauran suka biyo sawu, ba fareti, ba ganga.
Wani daga akwatin gwanjo, naɗe cikin safa,
wani yaran Suwame suka tono a ƙarƙashin kujerar mota.
Akwai tankar gwangwani mai mabuɗi a gefe,
in na wana ta, sai ta yi taku huɗu a kan siminti,
ta yi tari, ta tsaya.
Ni ma haka nake yanzu in zan hau tudun Aboabo.

Duk damina tsatsa na kawo mana hari.
Nakan zauna da tsumma da man keken ɗinki,
ruwa na dukan kwanon rufi,
ina goge su ɗai-ɗai, ina duba fuskokinsu.
Jajaye ne duka. Dogon hanci, kumatu kamar gauta ta nuna.

Mahaifina, Kofur Gariba, ya je Bama ya dawo
da lamba ɗaya, da tarin da bai sake shi ba,
da shirun da yakan zauna ciki bayan la'asar.
Bai taɓa ba mu labari ba.
In aka yi tsawa sai ya ajiye kofin shayi a hankali,
ya dubi ƙofa.
Hotonsa guda ne, ambaliya ta cinye shi.
Na nemi irinsa a kowace kasuwa,
ashe masu zubin dalma ba su san ya je ba.

Sai ran nan na zaɓi guda mai faɗin kafaɗa,
na kankare masa fuska da reza,
na haɗa fenti har ya yi kalar goron da ya sha iska,
na yi masa jar dara da narkakken kyandir.
Da bakin allura na ja zane uku a kowane kunci.
Hannuna ya yi rawa a na ƙarshen,
ya karkace kaɗan. Haka nasa ma yake.

Bara wani dillali ya zo daga Ankara
da madubin dubawa da jaka mai zip.
Ya ɗaga kowanne, ya leƙa tambarin ƙafarsa,
ya kira kuɗin da ya sa Zinatu ta bar tsintar shinkafa.
Da ya iso kan Kofur sai ya yi tsaki,
"Wannan an ɓata shi. Wa ya yi wannan aika-aika?
Ko kyauta ba na so."
Na zuba masa ruwan sanyi, na raka shi bakin titi,
na tsayar masa da torotoro.

Jikata Mardiya takan manna hanci a gilashi.
Jiya ta ce, "Kaka, da wa suke faɗa?"
Na ce ba kowa, an tashi yaƙi, jiran jirgi suke.
Ta ce, "To, baƙin nan ya gaji da tsayuwa."
Ta buɗe, ta kwantar da shi cikin kwalin ashana,
ta lulluɓe shi da ƙyallen atamfa.

Ban tashe shi ba.
Yau arba'in da shida ke gadi.